Ni Aka Bar wa Sama

A kicin ɗin Gwaggo Ermelinda aka raba aikin bikin Yasna.
Wani ya ɗauki nama, wani kujeru,
Nolberto ya ce duwatsun ramin girki nasa ne.
Ni da na zo a makare
na tarar sama kaɗai ta rage.
"Kai za ka riƙa gaya wa baƙi halin da take ciki."
Suna tamanin da uku, a takardar da man kifi ya ɓata.

Ran Litinin na rubuta: Asabar garau,
filin bayan coci, inda ake hango tekun Chiloé.
Na liƙa hoton rana tana dariya.
Ran Laraba na goge dariyar.
Iska ta juyo daga arewa,
kuma duk wanda aka yanke wa cibi a tsibirin nan
ya san arewa ba ta zuwa hannu rabbana.

Na rubuta: ku sa takalmin roba,
na kwalliya ku ƙulle a leda.
Dangin ango daga Santiago suka ce, ruwa kamar yaya?
Na daɗe ina kallon tambayar.
Mu nan ruwa ne maigida,
haya muke a wurinsa.

Kakanmu Baldomero yana can ƙaramin tsibiri
inda waya ba ta kamawa,
sai rediyo, tsakanin farashin dankali da sanarwar rasuwa.
Na biya aka karanta sau biyu:
kada ka jira Asabar, ka bi kwalekwalen Alhamis, in ji jikanka.
Rediyo ba ya dawo da amsa.
Alhamis ta wuce, ban gan shi ba.

Juma'a da asuba aka rufe mashigi,
jirgin fito ya tsaya cik.
Mutum goma sha tara a wancan ƙetare,
har da uwar ango, har da mai kek.
Waya ta yi zafi a kunnena kamar dutsen Nolberto.
Wata ta ce sai na ba ta tabbaci.
Na ce, baiwar Allah, ɗan aike ne ni,
ba ni na haɗa hadarin ba.

Yasna na zaune kan buhun dankali,
farar rigarta rataye a ƙusa.
Ta ce, "Kada ka yi musu zaƙin baki don ni.
In ruwa ne, ka ce ruwa."
Sai na ce ruwa.
An tashi daga fili, an koma rumfar gyaran jirage ta Don Eladio,
ƙarfe uku maimakon sha biyu.
Ku bi hanyar tudu, ta gangare ta zama rafi.

Asabar da hantsi aka buɗe mashigi.
Suka iso jiƙe sharkaf, kek ya karkace kaɗan.
A bakin rumfa na tarar da tsoho
yana shan shayi, takalminsa busasshe.
Tun Talata yake gidan abokinsa.
Ya ce, "Na ji saƙonka, ka yi ƙoƙari,
amma gwiwata ta riga ka da kwana biyu."

Ruwa ya yi ta dukan kwano
har fada ya sa Yasna ta maimaita "na yarda",
ta faɗa da ƙarfi kamar mai kiran jirgi.

Wajen ƙarfe biyar, ana tsakar tone ramin girki,
tururi na tashi da ƙamshin kifi da hayaƙi,
rana ta leƙo ta ɓular kwano
ta sauka kan kafaɗar ango, minti goma ko ƙasa.
Na laluba aljihu don in sanar,
sai na ga duk tamanin da ukun
sun riga sun ɗaga kai.